Moɗa Mai Jan Fenti

Moɗa biyu ce a gidan Mushe Yusha'u da ke Mayahi (Mushe shi ne Malam a bakin masu karatun Faransanci). Ɗaya tana kan randa, kowa da ita yake sha, har baƙo da mai tallar goro. Ɗayar tana ɗakin baya, an ɗiga mata jan fenti a gindi, kuma mutum guda ke sha da ita: Ikram, autarsa, mai shekara biyar da ƴan watanni. Kwanonta ma yana da ɗigon, haka cokalinta. Shi da kansa ya yi aikin, da ragowar fentin ƙofar gida, kuma ya yi shi da tsabta, don mutum ne mai son tsari.

Farfaɗiya ce da Ikram, amma a gidan ba a kiran sunan ciwon. Inna, mahaifiyar Mushe, "abin nan" take cewa. Matarsa Zara'u ta ce "ciwonta". Shi kuwa in ta kama dole sai ya faɗa da Faransanci, don a wannan harshe abin ya fi kama da darasi.

Inna ce ta kafa dokar moɗa. Tun tana yarinya ta san cewa duk wanda yawun mai wannan ciwo ya taɓa, ko ya sa baki inda ta sa, to ya ɗauka. Ita ce kuma ta ce tunda aiki ya dawo da su daga Tasawa zuwa garin da ba a san su ba, babu dalilin da za a fara da nuna wa mutane abin da Allah ya rufe. Shekara biyu ke nan. Maƙwabta sun san akwai wata yarinya marar lafiya a ciki. Abokan aikinsa ko wannan ba su sani ba.

Aikin Mushe shi ne zagaya lakwal-lakwal, wato makarantun boko, yana ba malamai shawara. Bara wata ƙungiya ta kai shi Yamai sati biyu, ya dawo da jaka mai tambari, da littafi mai kauri, da ƴar tsanar roba mai girman yaro ɗan shekara guda. Tun daga nan shi ke horar da malaman jardan, ajin ƙananan yara da ba su isa shiga aji ɗaya ba, a kan yadda za su karɓi kowane yaro: ɗan makiyayin da ba ya jin Hausa, kurma, gurgu, zabiya, duk wanda aka saba bari a gida. Kuma ya iya. Ko waɗanda suka zo don shinkafar rana sukan manta da agogo in ya fara.

Wurin da ya fi ƙwarewa shi ne darasin farfaɗiya. A zaman farko da aka yi a Tasawa, malamai talatin da biyu a ɗaki, ya shimfiɗa tabarma, ya kwantar da ƴar tsanar, wadda tuni malaman suka raɗa wa suna Ɗiyar Mushe. Ya shafa mata kumfar sabulu a baki, ya durƙusa da babbar rigarsa.

"In yaro ya faɗi, mi za ku yi? Gudu?"

"Gudu mana!" in ji wata daga baya. Aka yi dariya.

"To ku duba. Ku kawar da wuta, ku kawar da ruwa. Ku juya shi bisa gefe, haka. Kada a cusa mishi cokali, kada a ɗura mishi komi. Kumfar nan kuwa..." Sai ya share ta da tafin hannu, ya shafa a fuskarsa har gemu. "Kun gani? Na faɗi? Ba a ɗauka, jama'a. Ba a ɗauka!"

Tafi ya tashi. Da ya lafa, wata siririyar malama ta ɗaga hannu. Hajara sunanta, daga Issawane, inda ajinta rumfar zana ce da yara arba'in.

"Mushe, don Allah, kai ka taɓa riƙe mai ita da hannunka? Ba ta roba ba, ta gaske."

"Madan Hajara," ya ce yana share gemu, "a aikinmu babu irin da ba mu gani ba."

Allah ya taimake shi, a daidai nan aka shigo da shayi da burodi.

Bayan gidansa, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin Ikram da jardan ɗin unguwa. Kullum da safe yara na rera waƙar ƙirga da ta gaisuwa, ita kuma tana zaune a gindin bango tana bin su. Ta haddace duka. Har ta san sunayen yaran da malama ta fi tsawata wa, takan kuma tsawata musu ita ma daga nan inda take.

"Baban Rashida," in ji Zara'u wata rana yana cin tuwo, "an buɗe rubuta yara a jardan. Taku ashirin ne daga ƙofarmu."

"Na sani. Ni na sa hannu a takardar."

"To?"

"Malamar nan ba ta samu formasiyo ba tukuna, horon nan da nake ba su. In yarinyar ta faɗi ba ta san abin yi ba. Bari zagayen ya iso kanta."

"To mu kai ta gidan likita."

"Majo, babban gidan likitan, ɗan fadarmu ne, Zara'u. Kullum tare muke shan shayi. Yau na kai ta, gobe Mayahi duka ta ji. In an yi bakansi, makarantu sun tafi hutu, sai in kai ta Maraɗi, inda akwai manyan likitoci."

"Bakansi biyu sun wuce."

Inna, wadda ke tsintar wake a gefe kamar ba ta ji, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ɗan Malam, ka faɗa mata gaskiya mana. Ɗiya gare ku babba da aka sa wa rana. Wane gida ne a Tasawa zai ɗauki mata daga dangin masu abin nan? A ɗaura auren Rashida tukuna, sannan ku kai ta har Makka in kuna so."

Mushe ya kai loma baki. Ya daɗe da gano cewa in mutum ya cika baki da tuwo, ba a tsammanin amsa daga gare shi. Rashida kuwa, babbar ɗiyarsu, shekararta ashirin, tana son yaron, yaron yana son ta. Wa zai so ya ɓata wannan? Da ya auna abin ta kowane gefe sai ya ga shi ba ɓoye Ikram yake ba, jiran lokacin da ya dace yake.

Wata Asabar ya bar jakarsa a tsakar gida ya tafi masallaci. Da ya dawo ya tarar babu ƴar tsanar. A ɗakin baya ya same ta. Ikram ta goya ta da ɗankwalin uwarta, sannan ta sauke ta, ta zaunar da ita, tana ba ta ruwa da moɗa mai jan fenti.

"Baba, ita ma da wagga take sha," ta ce. "Mu biyu ne yanzu."

"Ta aiki ce, Ikram. Kawo."

Ta rungume ta, ta sumbace ta a baki. Sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ya riƙo ƴar tsanar ta ƙafa, da yatsa biyu, ya kai bayan gida, ya wanke ta da omo, ya ɗauraye da jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, ya sake ɗaurayewa, ya shanya a rana. Yana wanke hannunsa karo na biyu ya ga Zara'u tsaye tana kallonsa.

"Ƙura ce," ya ce.

Ta juya ta koma madafa. Shi ma ya san ba ƙura ba ce. Da Faransanci ya tabbata ba a ɗauka, yana iya kawo lambar shafin. Da Hausa ne har yanzu bai gama tabbata ba, kuma hannunsa Hausa yake ji.

Bayan kwana huɗu Ikram ta faɗi a gabansa. Ta fito ne ta nuna masa sabuwar waƙa, tana tsakiyar baiti idonta ya juye, ta zube a kan takalminsa. Abin da ya fara yi shi ne janye ƙafa. Jikinta na karkarwa, kanta na bugun ƙasa, kumfa na fita. Zara'u ta yar da muciya ta sheƙo daga madafa, ta tallafe kan a cinyarta, ta juya ta bisa gefe, tana share bakin da hannunta. Ba wanda ya koya mata. Mushe ya tsaya taku biyu daga nan, idonsa a kan agogo, don littafin ya ce yana da amfani a san tsawon lokacin.

"Minti biyu da rabi," ya ce da abin ya lafa.

"Mun gode, Mushe," in ji Zara'u. In ta kira shi Mushe, ba yabo ba ne.

Inna ta zo da toka ta barbaɗa inda yawun ya zuba, ta ce Zara'u kada ta koma kan tukunya sai ta yi wanka.

Da can sau ɗaya Ikram take faɗuwa a wata. Da zafi ya shigo ya koma sau biyu a sati. Inna ta ƙara hayaƙi, ta sa aka karɓo rubutu daga wani malami a garin Sarkin Hausa, aka ɗaura laya a wuya da wata a ƙugu. Harshen yarinyar bai gama warkewa daga cizo ɗaya ba sai ta ƙara wani, har tuwo ya gagare ta, sai kunu. Waƙoƙin suka fara zubewa. Takan fara ƙirga, ta kai huɗu, ta tsaya tana kallon bango kamar shi ya ɓoye mata biyar.

An saba in baƙi sun zo a sa wa ƙofarta sakata ta waje har su tafi. Da biki ya matso, baƙi suka zama na kullum: masu kawo kaya, masu ganin kaya, masu zuwa su ga waɗanda suka zo ganin kaya. Sakatar ta koma ta wuni. Ikram ta daina buga ƙofa. Wannan ya sa Inna ta ce yarinyar ta fara hankali.

Wata uku bayan zaman farko aka sake tara malaman, kowa ya faɗi abin da ya yi da karatun. Yawanci sun ce sun wayar da kan iyaye. Hajara ta miƙe da kayenta, littafin da take rubutu a ciki, a hannu.

"Ni dai yarinya guda na samu, Sa'adiya, ɗiyar wani makiyayi. A bukka suke barin ta, da ƙwaryarta daban. Sau biyar ina zuwa, uban yana kora ta. Ran na shida na ɗauki ƙwaryar na sha a gabansu. Wallahi Mushe, tunawa na yi ka shafa a gemunka." Aka yi dariya. "Muka kai ta likita a amalanke. Ƙwaya ce ƴar ƙarama, fara, kullum guda. Yau wata biyu ba ta faɗi ba. Tana ajina, ita ke raba alli."

Mushe ya sa aka yi mata tafi sau uku, irin na jardan, mai haɗe da buga ƙafa. Ya rubuta labarin a rahotonsa, ya ja masa layi. Ya ji daɗi ƙwarai, har da ya koma gida bakinsa ya kasa riƙewa, ya ba Zara'u labari tun bai cire takalmi ba.

Ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Ƙwaya guda?"

"Guda tak. Kin ga amfanin formasiyo."

"Gobe mu tahi."

Sai a nan ya ga ramin da ya haƙa wa kansa. "Sati uku ya rage a ɗaura aure, Zara'u. Sati uku. Wadda ta yi shekara biyu..."

"In ba ka zuwa, ni in goya ta in kai ta."

"Da izinin wa?"

"Ka dube ta, Baban Rashida. Yaushe rabonka da ka shiga ɗakin nan? Ɗiyar makiyayi ta samu mai sha da ƙwaryarta. Taka fa?"

"Kada ki tona muna asiri ana gab da gamawa," in ji Inna daga ƙofar ɗakinta. "Mu da muka haihi goma muka rufe huɗu, ba mu san zafin ɗiya ba sai ke?"

Mushe ya ɗaga hannu kamar yadda yake yi in malamai sun kaure da gardama. Ya ce kowa na da gaskiya. Ya yi alkawari, da rantsuwa, ran da aka kai amarya, washegari shi da kansa zai ɗauki Ikram a moto, wato babur ɗinsa, ya kai ta likita. Har ya fiddo kaye ya rubuta ranar, don Zara'u ta ga maganar ta shiga tsari.

Ranar Alhamis, saura kwana tara biki, aka yi taron rufe formasiyo a Tasawa. Akwai manyan baƙi, saboda haka aka roƙe shi ya maimaita darasin ƴar tsana. Kafin ya fara ya umarci kowa ya kashe ƙarar salula, ya fara da tasa don ya zama abin koyi. Ya durƙusa, ya juya ta bisa gefe, ya shafa kumfa a gemu. Bai taɓa yin sa da kyau kamar ranar ba. Sai da aka raba takardun shaida, aka yi hoto, ya duba salula ya ga kiran Rashida ya cika fuskar.

Abin da ya faru bai da tsawo. Zara'u ta tafi wurin tela da hantsi. Zafi ya yi yawa, sai ta zare sakatar kafin ta fita, don yarinyar ta sha iska. Rashida na wankin zannuwan biki a tsakar gida, ta tashi ta shanya wasu. Ikram ta fito, ta tsuguna a bakin baho tana wasa da kumfa. Nan ciwon ya same ta, ta kifa da fuska a ciki.

Rashida ta yi ƙara ta ruga. Inna ta cafke mata hannu.

"Ke amarya ce! Ruwan duk yawunta ne, kada ki taɓa!"

Ba wai Inna ta tsaya kallo ba ne, wannan ta maimaita shi ga duk wanda ya tambaya. Ta ɗauko taɓarya ta yi ta tura bahon don ya kife, amma baho cike da jiƙaƙƙun zannuwa ya fi ƙarfin tsohuwa. Ta aiki Rashida ta nemo buhu a naɗe hannu. Buhun farko akwai gero a ciki. Kafin a samo na biyu, karkarwar ta tsaya. Ruwan da ke cikin bahon, in mutum ya tsoma hannu, da ƙyar zai rufe masa wuyan hannu.

Kafin la'asar an rufe ta. A makabarta wani abokin aikinsa ya riƙe masa hannu ya ce, "Mushe, ashe kana da ƙaramar ɗiya? Wallahi ban sani ba." Mushe ya ce Allah ya ba da lada.

Ran sadakar uku malaman jardan suka zo gaisuwa, su takwas, Hajara a cikinsu, ta sha kabu-kabu tun daga Issawane, fuskarta duk ja da ƙasar hanya. Ya rako su cikin gida wurin mata. Aka yi addu'a, aka shafa. Zara'u na zaune a jikin bango.

"Allah ya jiƙan ta, Mushe," in ji Hajara. "Mi ya same ta?"

"Masassara ce," ya ce. "Kwana biyu kawai. Kin san zafin bana."

"Lokaci ne," in ji Inna.

Zara'u ta tashi. Ta shiga ɗakin baya, ta fito da moɗa mai jan fenti. Ta je randa ta cika ta, Inna na kallo baki buɗe. Ta zo gaban mijinta ta durƙusa, yadda mace ke kawo wa maigida ruwa gaban baƙi, ta miƙa da hannu biyu.

"Farfaɗiya ce da ita, Madan," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Wagga moɗarta ce, ita kaɗai ke sha da ita. Ban wanke ba. Mushe, ga ruwa. Tun safe kake magana."

Mata takwas da suka ga ya shafa kumfa a gemu suna kallonsa. Ya dubi moɗar. A bakinta akwai ɗan wurin da haƙoran yarinyar suka tauna. Abu ne na kurɓi ɗaya, kuma ya san shafin, ya san layin, ya san har hoton da ke gefen layin. Maƙogwaronsa a bushe yake kamar garwashi. Ya aika wa hannunsa umarni, hannun ya tsaya a kan gwiwa.

"Ba ni jin ƙishirwa," ya ce.

Zara'u ba ta sauke hannu ba. Sai Hajara ta matso, ta karɓi moɗar, ta yi bisimilla, ta shanye har ƙasa. Ta share baki da gefen mayafi, ta mayar wa Zara'u.

"Kai ka koya muna, Mushe," ta ce. Ba da gatse ta faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo.

Ba a ɗage biki ba, an dai rage kiɗa. Dangin ango sun ji cewa ƙanwar amarya ta rasu da masassara, sun yi ta'aziyya yadda ya kamata. Inna ta sa aka fasa kwanon da cokalin aka binne, aka shafe ɗakin baya da farar ƙasa, yanzu buhunan gero ke ciki. Moɗar ce kawai ba a samu ba. Tana wurin Zara'u, da ita take sha, kuma tun ranar ba ta ƙara kiran mijinta Baban kowa ba.

Ranar da ya rubuta a kaye ta zo ta same shi a hanyar Gidan Amumune, inda sababbin malamai ashirin da shida ke jiran sa. Ƙungiyar ta yaba da rahotonsa, ta ƙara masa garuruwa. Ya ɗaure jakar a bayan moto, ƙafar ƴar tsanar ta leƙo waje tana lilo. A bakin tasha wani malami da ya san shi ya ɗaga masa hannu.

"Mushe! Ina Ɗiyar taka? Tana lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Mushe Yusha'u. Ya tura ƙafar cikin jaka, ya ja zip, ya ba moto wuta.